Waiwaye: Yadda Kuɗin Aika Littafi Ƙasar Waje Ya Zo Ya Fi Kuɗin Littafin

Duk ƙaramin kamfanin wallafa littattafai da ke sayarwa ta intanet, a Ingila yake ko a Amurka ko a Legas, ya san irin saƙonnin da ke jiransa da safe. Wani ya ce yau wata biyu da biyan kuɗi, littafi shiru. Wata ta ce ma'aikacin gidan waya ya zo har ƙofar gida ya ce sai ta biya haraji da ladan kwastan kafin ya miƙa mata, alhali ita a saninta ta gama biya tun ranar da ta yi oda. Wasu kuwa tun kafin su saya suke rubutowa rai a ɓace: ta yaya kuɗin aike zai fi kuɗin littafin? Masu ƙorafin nan gaskiya suke faɗa. Sai dai wanda suke zuba wa fushin, sau da yawa mutum biyu ne ko uku a ɗaki ɗaya, su ne editoci, su ne masu naɗe kaya, kuma ba su da ta cewa kan farashin gidan waya ko dokar kwastan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba haka aka faro ba. A ranar 9 ga Oktoba, 1874, wakilan ƙasashe 22 suka haɗu a birnin Bern na Suwizalan suka kafa abin da ya zama Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, UPU. Yarjejeniyar ta ɗauki dukkan ƙasashen a matsayin yanki ɗaya na aika saƙo. Ƙasar da aka aika daga cikinta ta riƙe kuɗin kan sarki, wadda aka aika wa ta raba kyauta, bisa lissafin cewa kowace wasiƙa tana jawo amsa, don haka ba wanda zai cutu. Abin da ya shafe mu a nan shi ne tun a wannan zama aka ware wa littattafai da jaridu farashi mai rangwame: wasiƙa mai nauyin giram 15 santim 25 (santim ɗari ne faran ɗaya), bugaggun takardu kuwa giram 50 santim 7 kacal. Mutanen wancan zamani sun yarda cewa tafiyar ilimi daga ƙasa zuwa ƙasa alheri ne ga kowa, kuma sun nuna yardar a cikin farashi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙara ɗaure wannan manufa. A 1950 hukumar UNESCO ta samar da Yarjejeniyar Florence, inda ƙasashen da suka sa hannu suka yi alƙawarin ba za su ɗora wa littattafai kuɗin fito ba, aka kuma faɗaɗa ta a Nairobi a 1976. A gidajen waya kuma akwai wani buhu na musamman da ake kira buhun M, wanda za a cika da littattafai har kilo 30 a aika wa mutum ɗaya ko makaranta ɗaya a farashi mai sauƙi. Ta jirgin ruwa yake tafiya. Yakan yi wata biyu ko uku a hanya, amma wanda ya saya ya san da haka tun farko, ba ya tayar da hankali. Ɗakunan karatu da dama a Afirka da Asiya da irin waɗannan buhunan aka cika su.

Sauyin farko ya zo a taron UPU na Tokyo a 1969, lokacin da ƙasashen da ke karɓar saƙo fiye da yadda suke aikawa suka ce ba za su ci gaba da rabawa kyauta ba. Aka ƙirƙiro ladan rabawa, wanda gidan wayar da ya aika zai biya wanda ya karɓa, daga baya kuma aka sassauta wa ƙasashe masu tasowa. Tsarin ya zauna lafiya shekaru da yawa, domin wasiƙu ne mafi yawan abin da ke yawo. Cinikin intanet ne ya zo ya birkita shi, za mu dawo kansa.

Ga ƙananan mawallafan Amurka, babbar shekarar baƙin ciki ita ce 2007. A watan Mayu gidan wayar ƙasar ya daina karɓar saƙon ɗaiɗaikun mutane zuwa ƙasashen waje ta jirgin ruwa. Hanya mai arha ta rufe, saura jirgin sama. Littafi kuwa abu ne mai nauyi da ƙaramar riba. Zobe ko agogo ba ya jin kuɗin jirgi, amma takarda sikeli take ci. A Janairun 2013 aka sake tsara farashin ƙananan fakiti ya yi tsalle, a Janairun 2018 kuma aka hana sa kayan sayarwa cikin ambulan na wasiƙar ƙasar waje, wanda da shi ake lallaɓa siraran littattafan waƙoƙi da mujallu. A cikin Amurka har yau akwai farashin rangwame na littattafai da ya samo asali tun 1938, 'yan daloli ne daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Littafin nan ɗaya, in zai tsallaka zuwa Turai, kuɗin aikensa sai ya haura dala 20. Mai saye a Jamus da ya ga wannan lissafi yakan ɗauka cutarsa ake yi.

Kuma akwai dalilin da ya sa yake ɗauka haka. A daidai shekarun da farashin gidan waya ke hawa, manyan 'yan kasuwa suna koya wa duniya cewa aike kyauta ne. Amazon, wanda da sayar da littattafai ya fara a 1995, ya kawo tsarin Prime a 2005, inda mutum zai biya kuɗin shekara a riƙa aiko masa da kaya kyauta. Book Depository, kantin littattafai na intanet da aka kafa a Ingila a 2004, ya yi suna da aika littafi ƙasashe sama da ɗari ba tare da cajin ko sisi na aike ba, Amazon ya saye shi a 2011. Ba wai aiken kyauta ne da gaske ba. Kuɗin yana ɓoye cikin farashin littafin, kuma mai aika dubban fakiti a rana yana samun ragin da mai aika goma a mako ba zai taɓa samu ba. Amma mai saye abin da ya gani a allo ya sani. Tun daga nan duk ƙaramin mawallafin da ya rubuta ainihin kuɗin aike ya zama kamar shi ne mai tsawwalawa. A ganina nan ne tushen yawancin ƙorafin, fiye da jinkiri ko ɓacewar kaya.

Sai batun ladan rabawa ya dawo. Kasancewar Sin tana cikin rukunin da aka sassauta wa, ƙananan fakiti daga can suka riƙa malalowa Amurka a farashin da ya gaza na aike a cikin gida. A Oktoban 2018 gwamnatin Donald Trump ta ce za ta fice daga UPU. Aka kira taron gaggawa a Geneva a Satumbar 2019, aka amince Amurka ta yanka nata farashin daga Yulin 2020, sauran ƙasashe su bi a hankali. Rigimar ta kayan wayar salula ce da 'yan kunne da kayan wasan yara, ba wanda ya ambaci littafi. Amma sabon farashin ya hau kan ƙananan fakiti da ba su wuce kilo 2 ba, kuma cikin wannan rukuni littafi ɗaya ko biyu ke faɗawa.

Annobar korona ta iske abin a haka. Mafi yawan saƙon gidan waya a cikin jiragen fasinja yake tafiya, da jiragen suka tsaya a 2020 sai buhuna suka taru a sito, gidajen waya suka dakatar da aike zuwa ƙasashe da dama. Waɗanda ke buga littattafai masu launi a Sin kuma suka ga kuɗin kwantena ya haura dala 10,000 a 2021.

Shekarar 2021 ce ta fi canza yanayin ƙorafin kansa. Ranar 1 ga Janairu Birtaniya ta kammala fita daga kasuwar Tarayyar Turai, duk littafin da zai tafi Faransa ko Ireland ya koma buƙatar takardar kwastan. Ranar 1 ga Yuli kuma Tarayyar ta soke afuwar harajin saye da sayarwa, wato VAT, da take yi wa kayan da ba su kai yuro 22 ba. A nan mutane da yawa ke rikicewa: Yarjejeniyar Florence ta hana kuɗin fito, amma ba ta hana harajin saye da sayarwa na cikin gida ba. A Birtaniya ba a biyan VAT kan littafi, a Jamus kashi 7 cikin ɗari ne, a Faransa kashi 5.5. Harajin kansa ba shi da yawa. Abin da ke ƙona rai shi ne ladan da gidan waya ko kamfanin dako ke ɗorawa don ya karɓi harajin, wanda sau da yawa ya ninka harajin. Tarayyar ta buɗe wani tsari mai suna IOSS da zai ba mai sayarwa damar karɓar harajin tun wajen ciniki kan kayan da ba su wuce yuro 150 ba, amma yawancin 'yan kasuwar waje sai sun ɗauki wakili a cikin Tarayyar suna biyansa, kuma wanda cinikinsa na Turai bai wuce 'yan kwafi a wata ba, kuɗin wakilin ya cinye ribar. Sai mai saye ya ƙi karɓar fakitin a ƙofar gida, a mayar da shi bayan makonni, wani lokaci a yamutse, mawallafi ya mayar da kuɗi, ya kuma yi asarar kuɗin aike.

Doka ma a gefen mai saye take, kuma daidai ne ta kasance haka. A Birtaniya da Tarayyar Turai kaya suna wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannun wanda ya saya. Bankuna da kamfanonin biyan kuɗi irin su PayPal suna mayar wa mutum kuɗinsa in ya ce bai karɓa ba, sai in mai sayarwa ya kawo shaidar isarwa. Shaidar kuwa lambar bin sawu ce, ita kuma ƙarin kuɗi ce. To in mawallafi ya zaɓi aike mai lamba, a ce ya yi tsada, ciniki ya gudu. In ya zaɓi marar lamba, duk fakitin da ya ɓace daga aljihunsa zai fita. Babban kamfani yana iya sake aika kwafi bai ji a jikinsa ba. Wanda ya buga kwafi 500 da kuɗin aljihunsa, kowane ɗaya lissafi ne.

Daga nan abubuwan suka riƙa zuwa a jere. A Janairun 2023 'yan kutse suka afka wa kwamfutocin Royal Mail, gidan wayar Birtaniya, aike zuwa ƙasashen waje daga Birtaniya ya tsaya cak na makonni. A Afrilun shekarar Amazon ya rufe Book Depository. A Maris 2024 Small Press Distribution, dillalin da tun 1969 yake rarraba littattafan ɗaruruwan ƙananan mawallafa daga Berkeley ta Kalifoniya, ya rufe ƙofa ba zato, ya bar su suna neman inda kayansu da kuɗinsu suke. A Nuwamba ma'aikatan gidan wayar Kanada suka shiga yajin aiki na kusan wata guda, daidai lokacin cinikin Kirsimeti. Ranar 13 ga Disamba kuma sabuwar dokar lafiyar kayayyaki ta Tarayyar Turai ta fara aiki, wadda ta ce duk abin da za a sayar a can sai yana da wani mai ɗaukar alhakinsa da ke zaune a cikin Tarayyar. Don kayayyaki masu haɗari aka yi ta, amma ta haɗa da littafi, kuma ƙananan mawallafa da yawa suka sanar cewa sun daina aikawa Turai gaba ɗaya. Faransa ma, wadda ta daɗe tana da farashi na musamman mai arha don aika littattafan Faransanci ƙasashen waje, ta soke shi a Yulin 2025. Wannan ya taɓa masu karatu a Yamai da Dakar da Yawunde kai tsaye.

Sai kuma na Amurka. Daga 2016 kayan da ba su wuce dala 800 ba sun riƙa shiga ƙasar ba haraji. Ranar 29 ga Agusta, 2025 aka soke wannan afuwa ga duk duniya. UPU ta ce gidajen waya 88 sun dakatar da aike zuwa Amurka, wasu gaba ɗaya wasu wani sashe, kuma a ranar yawan saƙon ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Abin takaici, dokar da aka dogara da ita wajen sa harajin ta keɓe littattafai da sauran kayan ilimi, bai kamata su biya ba. Amma gidan wayar da ya rufe tagar fakiti bai buɗe wata ƙarama don littafi ba.

Wannan ne abin da ya fi damuna a tarihin nan. Ba a taɓa yin wani zama da aka yanke shawarar a tsananta wa littafi ba. Kowace doka da wani abu aka nufa: kayan Sin, harajin da ke zurarewa, miyagun ƙwayoyi cikin fakiti, caja mai kama wuta. Matsayin musamman da aka ba bugaggun takardu a 1874 ya zaizaye a hankali, har littafi ya koma kaya kamar kowane kaya, mai lambar kwastan 4901 da fom da za a cike a kwamfuta kafin ya motsa.

Mafitar da ta fi aiki zuwa yanzu ita ce kada littafin ya yi tafiyar. Ana aika shi ta intanet zuwa maɗaba'ar da ke kusa da mai saye, a buga kwafi ɗaya idan an yi oda. Kamfanin Ingram ya fara wannan da reshensa Lightning Source a 1997, yana da injuna a Amurka da Ingila da Ostireliya. Mawallafan Afirka suna cikin waɗanda suka fara cin moriyar abin. African Books Collective, ƙungiyar sayar da littattafai da mawallafa 17 na nahiyar suka kafa a ƙarshen shekarun 1980 da ofis a Oxford, da farko sai an yi dakon littattafai daga Ibadan ko Dar es Salaam zuwa sitonta a Ingila, daga baya ta koma bugu bisa oda, dakon ya ragu ƙwarai. Sai dai kuɗin kowane kwafi ya fi na bugun dubbai, kuma littafin zane ko na hotuna mai buƙatar takarda ta musamman ba ya fita yadda ake so. Sannan tsarin mai karatu na Landan da New York ya fi yi wa amfani. Marubucin Hausa a Kano da ke da masu karatu a Maraɗi ko zangon Kumasi ko Jidda, har yau hanyar da ya fi amincewa da ita ita ce ya kai kwali tasha ya ba direba, ko ya jira matafiyi mai sauran wuri a jaka, in kuma ba a samu ba ya tura littafin ta WhatsApp.