Zogale, tafarnuwa da citta a abincin salwa: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa masu kiwon salwa suka koma neman ganyaye da saiwoyi?

Tun da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ta shigo da salwar Japan Najeriya a 1992, kiwonta ya bazu saboda saurinta: cikin mako 6 zuwa 7 ta fara ƙwai. Sai dai an daɗe ana zuba wa tsuntsaye maganin kashe ƙwayoyin cuta a abinci ko a ruwa ba don suna ciwo ba, sai don su yi saurin girma. Wannan ɗabi'a tana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, kuma ragowarsa na iya fitowa a ƙwai da nama. Tarayyar Turai ta haramta yin haka a 2006, kuma tun daga nan bincike kan tsirrai ya ƙaru.

Waɗanne tsirrai ake amfani da su, kuma me suke yi?

Yawancinsu suna kasuwarmu. Tafarnuwa da citta da kurkum da habbatus sauda suna ɗauke da sinadaran da ke rage wasu miyagun ƙwayoyin cuta a hanji, suna kuma taimaka wa narkewar abinci. Zogale kuwa dabam yake, domin shi abinci ne da kansa: busasshen ganyensa kusan kashi ɗaya cikin huɗu sinadarin gina jiki ne, kuma yana sa gwaiduwar ƙwai ta ƙara launi, abin da masu saye ke lura da shi nan take. Ni a ganina mai farawa ya fara da zogale, don ya fi sauƙin samu kuma ya fi wuyar cutarwa.

Gari ya fi ko jiƙo?

Gari ya fi sauƙin aunawa da ajiya. Jiƙon da aka zuba a ruwan sha yana lalacewa da wuri a zafin ƙasarmu, don haka a riƙa yin sabo kullum, a wanke mazubin ruwan. Wanda aka tace a masana'anta ya fi duka ƙarfi, sai a bi awon da ke jikin kwalbarsa.

Nawa za a zuba?

Nan ne mutane ke yin ɓarna. Babbar salwa giram 20 zuwa 25 kacal take ci a yini, saboda haka ɗan ƙari kaɗan a hannunka babban abu ne a cikinta. A gwaje-gwaje da yawa, garin tafarnuwa ko citta ko kurkum ba ya wuce kashi 1 cikin 100 na abincin, wato giram 250 a buhu mai kilo 25. Zogale ana kai shi wajen kashi 5 cikin 100. In ya yi yawa, ɗaci da kaushin ganye kan sa ta rage ci, ƙwai ya ja baya. Ganyen darbejiya ya fi buƙatar hattara, musamman ga mai tara ƙwan ƙyanƙyasa, domin yawansa na iya taɓa haihuwar mazan.

A shanya ganye a inuwa, a niƙa shi lukui, a fara cakuɗa shi da ɗan abinci kaɗan kafin a juye cikin sauran. Duk wanda ya yi fumfuna a zubar.

Za su maye gurbin abinci mai kyau ko likita?

A'a. Kamar kayan yaji ne a miya, ba su ne miyar ba. Salwa mai ƙwai tana buƙatar abinci mai kusan kashi 20 cikin 100 na sinadarin gina jiki, da garin ƙashi ko farar ƙasa don ɓawon ƙwai ya yi ƙwari. Tafarnuwa ba ta warkar da murar tsuntsaye. In suka fara mutuwa ko zawo ya ƙi tsayawa, a kira likitan dabbobi a ranar.

Ta yaya zan san yana aiki a gonata?

Ka raba tsuntsaye masu shekaru ɗaya gida biyu, ka ba ɓangare ɗaya ƙarin, ɗayan ka bar shi a kan abincinsa na da. Tsiro ɗaya za ka gwada a lokaci guda. Ka rubuta yawan ƙwai da abincin da kowane keji ya ci na tsawon wata guda, sannan ka cire kuɗin ganyen daga ribar kafin ka ba sauran.