Me ya sa Indiya ta juya fuska gabas? Tambayoyi da amsoshi

A nan Yamai mun san Indiya da shinkafarta da magungunanta, da layin Airtel, da zauren taron Mahatma Gandhi da aka buɗe a 2020. Sai dai tana zuba ƙarfinta na ciniki da zumunci sosai wajen ƙasashen da ke gabas da ita.

Yaushe aka fara, kuma me ya jawo?

Dole ce ta sa. A 1991 Tarayyar Sobiyet, babbar abokiyar cinikin Indiya, ta wargaje, kuɗin waje kuma ya ƙare wa gwamnati har sai da ta kai zinarinta jingina a bankunan Turai. A daidai lokacin Singafo da Malesiya da Tailan sai bunƙasa suke. Firaminista Narasimha Rao ya ga babu dalilin tsallake maƙwabci mai arziki a tafi neman na nesa, ya kafa manufar duban gabas. A 2014 Narendra Modi ya faɗaɗa ta, ya haɗa da harkar tsaro.

Da su wa ake hulɗar?

Galibi da ƙasashen ASEAN, wato ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, sai Japan da Koriya ta Kudu. Da ASEAN an fara zama a 1992, taron shugabanni a 2002, aka sa hannu kan rage kuɗin fito a 2009.

To, kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ciniki da ASEAN ya haura dala biliyan 100 a shekara, amma abin da Indiya ke saye ya fi wanda take sayarwa: manja daga Indonesiya da Malesiya, kwal, kayan lantarki. Masu masana'antu na gida sun yi ta kuka. Shi ya sa a 2019 ta janye daga tattaunawar RCEP, babbar yarjejeniyar ciniki tsakanin ASEAN da ƙasashe irin su Sin da Japan da Niyu Zilan, don gudun kada kayan Sin su cika kasuwanninta, madarar Niyu Zilan kuma ta karya ƙananan makiyayanta. A ganina ta yi daidai da ta saurari mai shanu biyu, ta ƙi sa hannu.

Me ya sa ake yawan maganar hanyoyi?

Nan ne gizo ke saƙa. Jihohin arewa maso gabashin Indiya ba su da teku, kuma wata ƴar siririyar ƙasa a Siliguri, mai faɗin kusan kilomita 22, ita kaɗai ta haɗa su da sauran ƙasar. Don a samar musu mafita aka tsara hanyar mota ta kusan kilomita 1,360 daga garin Moreh da ke iyakar Indiya, ta ratsa Myanmar, ta ɓulla Mae Sot a Tailan. Tun 2002 aka amince da ita, har yau ba a gama ba. Akwai kuma aikin Kaladan: jirgin ruwa ya taso daga Kolkata a Indiya zuwa tashar Sittwe a Myanmar, a sauke kaya cikin kwale-kwalen dako su bi kogin Kaladan zuwa garin Paletwa, daga nan mota ta kai su jihar Mizoram. An buɗe tashar Sittwe a 2023, amma juyin mulkin Myanmar na 2021 da yaƙin da ya biyo baya sun riƙe sauran aikin. Wanda ya fi shan wahalar jiran shi ne ɗan kasuwar bakin iyaka, wanda aka yi alƙawarin dominsa.

Akwai hannun gasa da Sin?

Ƙwarai. Sin ta riga ta shimfiɗa bututun mai da na gas daga gaɓar tekun Myanmar zuwa lardin Yunnan, Indiya kuwa ba ta son a bar ta a baya.

Mu a Nijar me ya shafe mu?

Mu ma ba mu da teku. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayanmu sai sun zagayo daga Lome ta Burkina Faso, jerin kamiyoyi da rakiyar soja, kuma kowace uwargida ta ji abin a kuɗin cefane. Albasar Galmi yamma da kudu take bi. Gabas kuwa akwai Chadi, babbar hanyar ƙasa ta ɗaya kuma ta kai har Gigimi. A 2024 hukumomin ƙasashen biyu sun farfaɗo da maganar bututun da zai kai man Agadem Chadi, daga can ya bi na Kamaru zuwa teku. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, amma a fara da tsaron yankin Diffa da gyaran hanyar da ta wuce Gigimi zuwa iyaka, yadda mai barkono da mai kifi na can za su iya kai kayansu kasuwannin Chadi lafiya.