Gidan Da Ba A Gina Wa Talaka Ba, A Asibiti Ake Biyan Kuɗinsa

Duk lokacin da aka tayar da maganar sama wa talaka gida mai sauƙin kuɗi, amsar da ake bayarwa ita ce gwamnati ba ta da hali, domin ga albashi, ga bashi, ga matsalar tsaro. Mu da muke aikin lafiya a cikin unguwanni muna kallon lamarin ta wata fuskar, saboda kuɗin da ake cewa babu su, kullum ana kashe su a kan cututtukan da mummunan muhalli yake haifarwa.

Mu ɗauki tarin fuka, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu fama da shi. Ƙwayar cutar a iska take yawo, don haka idan aka samu mutum ɗaya da ita sai mun bi shi gida mun duba waɗanda suke zaune tare da shi. Abin da muka fi tararwa shi ne gidan haya mai ɗakuna a jere, kowane ɗaki da iyali guda, taga ɗaya ce 'yar ƙarama, ita ma an toshe ta da kwali saboda ƙura, yara kuma suna kwana a tabarma dab da gadon mai tarin. Ana ba shi maganin wata 6 kyauta, amma da kuɗi aka sayo maganin, da kuɗi ake yin gwaji, kuma kafin ya gama sha sau da yawa wani a ɗakin ya kamu. Haka sanƙarau yake samun hanya a lokacin zafi idan mutane sun cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsa shi. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. Da damina kuwa, inda masai yake maƙwabtaka da rijiya kuma babu magudanar ruwa, amai da gudawa ne yake cika mana gadaje da masu ƙarin ruwa.

Gina gidaje da kuɗin gwamnati ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsakanin 1979 da 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta gina rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi, Alhaji Lateef Jakande ma ya gina dubbai a Legas, kuma har yau mutane suna zaune a cikinsu. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci domin ya samu rancen gida na dogon lokaci ta hannun bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya. Sai dai mai tura baro da mai sayar da kayan miya ba su da takardar albashi, kuma gidajen da ake ginawa a bayan gari ana sa musu farashin miliyoyi, wanda mai haya a ɗaki ɗaya ko a mafarki ba zai taya ba. A ganina nan ne kuɗin suke zurarewa ba tare da sun taɓa lafiyar wanda aka ce dominsa ake yi ba.

Akwai abin da ya fi araha nesa ba kusa ba. A ƙasar Meziko gwamnati ta riƙa zuba wa talakawa daɓen siminti a ɗakunan da suke da daɓen ƙasa, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna gudawa da tsutsar ciki da ƙarancin jini sun ragu a tsakanin ƙananan yara. Ba a rushe gidan kowa ba, ba a kuma tayar da kowa daga unguwarsa ba. A nan gida, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, saboda haka yana da ikon yanka filaye bisa tsari, ya fitar da titi da magudanar ruwa, ya kai famfo, sannan ya ba mutane takardar mallaka ba tare da wahala ba, su kuma su gina da kaɗan-kaɗan kamar yadda suka saba. Idan aka bari sai masu awon igiya sun sayar da fili har bakin kwari, lungu ya matse yadda motar asibiti ba za ta shiga ba, gyaran yakan ninka abin da za a kashe tun farko.

Kafin hakan ta samu, akwai abin da yake hannunmu. Mai gini ya fitar da taga biyu masu kallon juna, ya sa musu raga saboda sauro, ya nisanta masai daga rijiya, kada kuma ya gina a kan hanyar ruwa komai arahar filin. Mai gidan haya ya ji tsoron Allah ya ƙara ban-ɗaki idan masu haya sun yi yawa. Wanda kuma tari ya kai masa mako biyu ya je asibiti mafi kusa a gwada majinarsa, ya taho da waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi.