Awon jin daɗin rayuwa ga masu cutar MS da tambayoyin da ke bin amsa

Cutar MS, wadda a mustashfan (asibitocin) Makka da Jidda za ka ji daktur na ce mata tasallub muta'addid, ita ce wadda garkuwar jiki ke juyowa tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya riƙa tafiya da ƙyar tsakanin kai da gaɓɓai. Likitan Faransa Charcot ne ya yi mata cikakken bayani a 1868. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun kai ninki biyu na maza, kuma yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40 take bayyana.

Tsohon ma'aunin da likitoci suka saba da shi shi ne EDSS na likita Kurtzke, 1983, daga 0 zuwa 10, amma shi rabin hankalinsa na kan ƙafa ne, kana iya tafiya ko sai da sanda ko keke. To mace za ta shigo da ƙafarta lafiya lau a ba ta maki mai kyau alhali gajiya ta hana ta girki, fitsari na matsa mata, ga mantuwa, ga zafin Makka da ke ƙara tayar da alamun cutar (likitan ido Uhthoff ya lura da wannan tun 1890). Shi ya sa aka ƙirƙiro takardun da mara lafiya da kansa zai amsa, irin su MSQOL-54 na 1995 mai tambaya 54, MSIS-29 na 2001, da MusiQoL mai 31.

Matsalar dai ita ce tsawo. Wanda babbar damuwarsa gajiya ce ka ɗora masa tambaya hamsin da huɗu a ɗakin jira, wlh kafin ya kai ƙarshe ya fara zaɓen amsa kara zube, ko ya bar rabi babu komai.

Nan ne tambayoyi masu bin amsa suka shigo. Kwamfuta na da rumbun tambayoyi da aka riga aka auna nauyin kowace da lissafi (tushensa har da aikin Georg Rasch ɗan Denmak, 1960), sai ta fara da ta tsaka-tsaki, misali ko kina iya hawa bene hawa ɗaya. In mara lafiyar ta ce da ƙyar, ba za a ɓata mata lokaci da zancen gudu ba, sai a sauko a tambayi tashi daga kujera, saka kaya, wanka. In ta ce ba matsala sai a haura sama. Bayan kowace amsa kwamfuta na sake ƙiyasi, da ta ga kuskuren ƙiyasin ya ragu yadda ake so sai ta tsaya. A tsarin PROMIS da hukumar lafiya ta Amurka NIH ta fara a 2004, galibi tambaya 4 zuwa 12 sun isa ga kowane fanni, kuma maki 50 shi ne matsakaici. Akwai ɗan'uwansa Neuro-QoL na cututtukan jijiya. Abin sha'awar, mutum biyu za su amsa tambayoyi daban amma makinsu ya zauna kan sikeli ɗaya.

Sai dai fa rumbun na ɗauke da rayuwar waɗanda aka gwada shi a kansu. Hajiya a Jidda da Larabcinta na kasuwa ne, 'yarta ke riƙe da jawwal (wayar hannu) tana fassara mata, tambayar fitsari ko zaman aure kuwa kunya ba za ta bari ta faɗi gaskiya gaban 'yar ba. Kuma abin da ya fi ci mata rai, tsayuwar sallah, durƙuson alwala, ko za ta iya ɗawafi ba keke, da wuya ka same su cikin tambayoyin da aka tsara a Amurka ko Turai. Masana na da gwajin da suke yi don gano tambayar da ke canza nauyi daga al'umma zuwa al'umma, kuma sai an yi shi kafin a yarda da makin wata fassara.