Waiwaye: Ƙwayar da ke juya haihuwar sauro ta girmi muhawarar da ake yi a kanta

Tun da labarin gidajen kiwon sauro da ake saki a wasu ƙasashe ya fara yawo a wayoyin mutane, maganar ta shiga majalisun hira a Kaduna, kuma ta ƙara zafi bayan da Burkina Faso ta dakatar da wani shiri na sakin sauron da aka sauya wa ƙwayoyin halitta a watan Agustan 2025. Wasu na ganin dabara ce ta rage cuta, wasu kuwa na fargabar cewa abin da ya iya hana sauro haihuwa wata rana zai iya taɓa ɗan Adam. A cikin wannan ce-ce-ku-ce an cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba: sauron da aka sauya wa halitta, da kuma sauron da ke ɗauke da wata ƙwayar bakteriya mai suna Wolbachia. Ita wannan ta biyun babu wanda ya ƙirƙiro ta, kuma shekara ɗari ke nan da masana suka fara ganinta.

A 1924 ne wasu masana biyu a Amurka, Marshall Hertig da Simeon Burt Wolbach, suka gan ta a jikin wani jinsin sauro mai suna Culex, sannan a 1936 Hertig ya raɗa mata suna don girmama abokin aikinsa. Daga nan aka ajiye ta gefe, domin ba a ga wata cuta da take haddasawa ba.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa, wanda kuma ba a cika ambata ba, ya faru ne tsakanin 1967 da 1971. Tun kafin lokacin, wani masani Bajamushe mai suna Hannes Laven ya lura cewa idan aka haɗa namijin sauron wani gari da macen wani gari, duk da cewa jinsinsu ɗaya ne, wani lokaci barbara takan yiwu, macen ta saka ƙwai yadda ta saba, amma ƙwan gaba ɗaya ya zama baragurbi. Ya kuma gano cewa wannan hali ta wajen uwa ake gadonsa. Bai san dalili ba, amma ya ga amfanin da za a iya yi da shi. A 1967, a wani ƙauye mai suna Okpo a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, inda sauron Culex ke yaɗa cutar tundurmi, ya riƙa sakin dubban mazaje daga wani tsatso na waje a kullum. Namijin sauro ba ya cizo, ruwan furanni yake sha, saboda haka mutanen ƙauyen ba su ƙaru da cizo ba. Matan sauron garin suka ci gaba da saka ƙwai a kan ruwa, ƙwan ya ƙi ƙyanƙyashewa, kuma cikin 'yan watanni wannan sauro ya ƙare a ƙauyen ba tare da an fesa magani ba.

A 1971 ne Janice Yen da Ralph Barr, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, suka danganta al'amarin da ƙwayar nan da aka manta da ita, kuma hanyar da suka bi daga baya wajen tabbatarwa mai sauƙi ce ƙwarai. Sun raini tsutsotsin sauro a cikin ruwan da aka zuba wa tetirasaikilin, irin maganin nan da ake samu a kowane kemis. Maganin ya kashe ƙwayar, sai ga shi mazajen da aka wanke suna haihuwa lafiya da matan da a da ƙwansu ke lalacewa. A nan ne aka fahimci dabarar. Ƙwayar ba ta wucewa zuwa 'ya'ya sai ta cikin ƙwan uwa, don haka namiji a wurinta hanya ce da ba ta ɓullewa. Sai ta yi wa maniyyinsa wani lahani wanda ba ya gyaruwa sai idan ƙwan da ya tarar yana ɗauke da irinta. Macen da ke da ƙwayar tana haihuwa da mai ita da marar ita, macen da ba ta da ita kuwa tana asarar ƙwanta duk lokacin da ta haɗu da namiji mai ɗauke da ita. Sannu a hankali zuriyar masu ƙwayar kan mamaye gari.

A ganina wannan shi ne tushen da muhawararmu ta rasa. Sauron da ke tasowa daga lambatun Tudun Wada ko Rigasa da magariba, mai kuka a kunne, galibi Culex ne, kuma kusan ko'ina a duniya wannan jinsi yana ɗauke da Wolbachia tun asali. Ana kiyasin kusan rabin jinsunan ƙwari suna da ita. Tana ma cikin tsutsar da ke kawo makantar kogi, cutar da cibiyar binciken sammore da ke nan Kaduna ta daɗe tana aiki a kanta, shi ya sa maganin doksisaikilin, da ke kashe ƙwayar, ke raunana tsutsar. Ma'ana, mun daɗe muna kwana da tashi da wannan ƙwaya a ɗakunanmu, tana rayuwa a cikin ƙwayoyin jikin ƙwari da tsutsotsi, ba ta zama a jikin mutum ta hayayyafa.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A 2008 aka gano tana kare ƙudan 'ya'yan itace daga wasu ƙwayoyin bairos, a 2009 aka yi nasarar dasa ta a jikin Aedes aegypti, sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara, aka kuma ga tana hana bairos ɗin dengi bunƙasa a cikinsa. A 2011 aka fara sakin sauron mai ɗauke da ƙwayar, maza da mata, a kusa da birnin Cairns na Ostireliya, domin ƙwayar ta bazu da kanta ta wannan dabara ta ƙwai. Gwajin da aka yi a Yogyakarta ta Indonesiya, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna raguwar dengi da kashi 77 cikin ɗari a unguwannin da aka saki sauron. Duk da haka, a 2023 fargabar jama'a ta sa aka ɗage sakinsa a tsibirin Bali.

Sai dai babbar damuwarmu a nan zazzaɓin maleriya ne, wanda sauron Anopheles ke yaɗawa, kuma a kansa aikin bai yi nisa haka ba. A 2013 an dasa ƙwayar a wani jinsinsa na Asiya a ɗakin bincike, a 2014 kuma aka ba da rahoton samun alamunta a jikin Anopheles na daji a Burkina Faso, amma da ƙarancin da har yanzu masana ke jayayya a kan ko zaunanniya ce a jikinsa ko kuwa a'a.