Alayimen: layin da ido ba ya gani tsakanin inji da famfo

Duk wanda ya taɓa kai mota wurin masu taya ya san kalmar alayimen, wato saita ƙafafun mota don kada ta riƙa ja gefe guda tana cinye taya. A masana'antu ma kalmar ba ta barin bakin injiniyoyi da kanikawa, sai dai abin da suke nufi da ita daban ne, kuma ya fi na mota tsanani nesa ba kusa ba.

Yawancin injinan da ke juyawa bibbiyu suke aiki, akwai mai ja akwai wanda ake ja. Injin lantarki yana juya famfo ko fanka ko kwamfiresa, injin dizal yana juya janareto. Kowannensu na da shaf, sandar ƙarfen nan da ke juyawa a cikinsa, kuma ana haɗa bakunan sandunan biyu da mahaɗin da ake kira kofulin. To, alayimen shi ne a saita injinan biyu har tsakiyar juyawar wannan shaf da ta wancan su hau layi ɗaya miƙaƙƙe, tamkar an zura zare guda ta cikinsu. A lura da abu biyu a nan. Tsakiyar juyawa ake nufi, domin bakin kofulin na iya zama da ɗan tudu ko kwari tun daga wurin ƙira. Sannan layin nan ana son sa ne a lokacin da inji ke aiki ya ɗauki zafinsa, wanda sau da yawa ya sha bamban da yadda yake zaune da sanyi.

Kaucewa daga layin iri biyu ce. Akwai wadda sandunan ke tafiya a jere kamar layin dogo, amma ɗaya ya fi ɗaya tudu ko ya zame gefe. Akwai kuma karkata, inda suka haɗu da kusurwa kamar gwiwar hannun da aka ɗan lanƙwasa. A wurin aiki da wuya ka samu ɗaya ita kaɗai, tare suke zuwa, kuma kowacce ana auna ta sama da ƙasa, a kuma auna ta hagu da dama. Shi ya sa sakamakon awo yake fitowa da lambobi huɗu.

Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne ƙanƙantar kuskuren da ake ta hayaniya a kansa. Jadawalin da masu sana'ar suka saba bi yana yarda da kaucewar kimanin milimita 0.09 ga injin da ke juyi 1,500 a minti, idan kuma 3,000 yake yi sai iyakar ta sauko wajen 0.06. Kaurin gashin kan mutum guda ɗaya bai wuce wannan ba. Mai karatu zai iya cewa, inji mai nauyin tan guda ina ruwansa da silin gashi? Amsar tana cikin maimaici. Shaf mai juyi kusan 3,000 a minti yana zagayawa kusan sau 50 a daƙiƙa, fiye da sau miliyan 4 a kwana ɗaya, kuma a kowane zagaye kaucewar nan tana tanƙwara kofulin ta sake shi, tana danna boris, wato zoben da ke riƙe da shaf yana juyawa a cikinsa, ta sake shi. Ga boris mai ƙwallaye akwai lissafin da masu ƙera shi suka daɗe da tabbatarwa: idan nauyin da ke kansa ya ninka biyu, tsawon ransa yana komawa kashi ɗaya cikin takwas. Ke nan boris ɗin da ya kamata ya yi shekara 8 sai ya mutu a shekara guda. Kafin nan giris ya fara ƙonewa, sil ɗin famfo, wato abin da ke hana ruwa fita ta gefen shaf, ya fara yoyo, robar kofulin ta fara zubar da baƙin gari a ƙarƙashin murfinta, notuna suna kwancewa da kansu. In aka yi sakaci, shaf ɗin ma yakan tsage kusa da kofulin saboda gajiyar ƙarfe.

Akwai wata magana da ake yawan ji, wai ai kofulin ɗin mai roba ne, zai shanye kaucewar. Gaskiya ne yana jurewa, takardarsa ma za ta nuna yana iya ɗaukar kaucewa mai yawa. Amma wannan adadi na kofulin ne shi kaɗai. Ƙarfin da yake turawa yayin da yake lanƙwashewa ba ya ɓacewa, kan boris da sil yake sauka, su kuwa ba su da wannan haƙuri.

Kada kuma a rikita alayimen da balansin. Shi balansin maganar rabon nauyi ce a jikin abin da ke juyawa, kamar fankar da datti ya manne wa fiffike ɗaya. Dukansu suna kawo jijjiga, amma na'urar awon jijjiga takan bambanta su: rashin balansin yakan bayyana sau ɗaya a kowane zagaye, kaucewar shaf kuwa sau da yawa tana ƙara bugu na biyu a zagaye guda, tare da jijjiga mai bin tsawon shaf ɗin.

Hanyar awo mafi tsufa ita ce ɗora rula a kan kofulin a leƙa ko haske na wucewa, a kuma zura siraran ganyayyakin geji, wato ƙarafunan auna tazara, a tsakanin fuskokinsa. Tana da amfani wajen kusanto da injinan, amma ba ta kai ga silin gashi. Daga nan sai geji mai fuskar agogo, wanda allurarsa ke nuna har milimita 0.01. Ana ɗaure shi a jikin shaf ɗaya, bakinsa na taɓa ɗayan, a juya su tare ana karantawa a wurin ƙarfe 12 da 3 da 6 da 9. Gwanayen wannan hanya suna da dabarar kama kansu: jimlar karatun sama da ƙasa dole ta yi daidai da jimlar hagu da dama, in ba haka ba wani abu ya motsa, a sake. Sun kuma san cewa abin da allura ta nuna ninki biyu ne na ainihin kaucewar, kuma sandar da ke riƙe da gejin tana ɗan sunkuyawa saboda nauyinta, dole a auna wannan a cire. A shekarun 1980 na'urar leza ta shigo, ta ɗauke wa bakanike lissafi, tana gaya masa ƙafar da zai ɗaga da yawan abin da zai ɗaga. Ni dai a ganina wanda bai taɓa wahala da geji mai agogo ba yakan yi saurin gaskata allon leza, ko da ta ba shi lambar da hankali ba zai ɗauka ba.

Kafin a auna komai, bayan an kashe wuta an sa kwaɗo a makunnin, akwai abu biyu da in ba a kawar da su ba aikin banza za a yi. Na farko gurguwar ƙafa. Inji mai ƙafa huɗu kamar tebur yake, ƙafa ɗaya na iya zama a sama ba ta taɓa gindinta ba. Da an ɗaure notin sai gangar jikin injin ta murɗe, mazaunin boris ya karkace, kuma duk ɗaurin da aka sake yi awo zai canja. Ana gano ta ne ta hanyar sassauta noti ɗaya bayan ɗaya ana kallon geji, ƙafar da ta tashi fiye da milimita 0.05 tana buƙatar ciko. Na biyu jan bututu. Idan sai da aka finciko bututu da ƙarfi kafin ya haɗu da bakin famfo, to yana nan yana jan famfon dare da rana, gyaransa kuma a wurin bututun yake.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ta fi rikita mutane. Ƙarfe yana miƙewa kimanin milimita 0.012 a kowace mita idan zafinsa ya ƙaru da digiri 1. A ɗauki famfon ruwan zafi wanda daga ƙafarsa zuwa tsakiyar shaf akwai milimita 400. Idan jikinsa ya ƙara digiri 60 a bakin aiki, shaf ɗinsa zai tashi da kusan milimita 0.29, wato kusan ninki biyar na abin da aka yarda da shi a juyi 3,000. Injin lantarkin da ke jansa shi ma zai tashi, amma ba da yawa haka ba. Saboda haka gwani da gangan yake barin injin lantarkin ya ɗan fi famfon tudu da sanyi, domin idan zafi ya kama su haɗu a layi. Wanda ya zo daga baya bai san dalili ba, ya ga lambobi ba su zama sifiri ba ya "gyara", shi ne ya ɓata. Wannan matsala ce ta sa famfunan da ke ɗaukar mai mai zafi a matatu ake ƙera su da ƙafafu a daidai tsakiyar shaf, yadda kumburin zai rabu sama da ƙasa ba tare da ya ɗaga shaf ɗin ba.

Gyaran kansa ba shi da wani sirri. Injin lantarki ake motsawa, tunda famfo na ɗaure da bututu. A fara da sama da ƙasa ta hanyar saka shim, siraran fallayen ƙarfe marasa tsatsa masu kauri sananne, kuma ba a so a tara fiye da uku ko huɗu a ƙafa ɗaya don tarin yakan yi laushi kamar katifa. Sannan a tura hagu ko dama da notunan turi da ke gefen ƙafafun. Guduma tana wuce gona da iri, tana kuma yi wa boris rauni. Wani lokaci injin zai ƙi matsawa saboda notin ƙafa ya tokare bakin raminsa, sai a koma a ɗan motsa famfon shi ma, a raba tafiyar tsakaninsu. Bayan an ɗaure notuna bi da bi a sake awo, a rubuta yadda aka samu injin da yadda aka bar shi, har da kaucewar da aka bari da gangan saboda zafi. Idan sabon dashe ne, ana komawa a sake aunawa bayan ya yi aiki na ɗan lokaci, domin siminti da bututu sukan zauna su ja shi daga inda aka ajiye shi.