Ba kowace nas ce ke iya aikin ɗakin tiyata ba

An daɗe ana ɗauka cewa muddin akwai likitan tiyata, kowace nas za ta iya tsaya masa ta miƙa almakashi. Ba haka ba ne. A Najeriya sai an gama karatun jinya, sannan a koma kwas na musamman, irin wanda ake yi a asibitin koyarwa na ABU Zariya. Nas ɗin da ta yi wannan kwas ita ce ke tabbatar kayan aiki ba ƙwayar cuta, ta ƙirga auduga da allura kafin a yanka, ta sake ƙirgawa kafin ɗinki, kada a manta wata a cikin majinyaci. Irinsu kuwa sun yi ƙaranci, da dama sun tafi Ingila da Saudiyya. Shi ya sa wani lokaci ake ɗage aiki alhali likita na nan.